Babur Ɗin Da Tela Ya Ɗinka

Duk layin babu wanda ya taɓa ƙarasa yi wa telan nan bayani. Kana buɗe baki zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane, na gane," ko da gaisuwa kawai ka zo yi. Da haka sunansa na gaskiya ya ɓace, babba da yaro kowa Na-Gane yake ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a don a ganinsa kirari ne.

Ɗinki kam ya iya, ba a ƙwace masa. Abin da ya jawo masa magana shi ne tsohon babur ɗin marigayi babansa, irin na da ɗin nan mai nauyin saniya. Tun da tsohon ya rasu aka jingine shi a bayan gida. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, tanki ya ruɓe, inji ya yi ƙafa ya bi wani baƙo, kaza ta mai da wurin sirdi ɗakin ƙwai. Abin da ya rage gangar jiki ce da ƙafafu biyu. Duk da haka, kullum Na-Gane ya wuce sai ya shafa shi, don a bayan babur ɗin nan ya fara ganin gari, yana riƙe da rigar babansa.

Wata safiya yana bakin shagonsa ya hango matarsa, malamar makaranta, tana bin motar haya da gudu, jaka na dukan ƙugunta. Motar ta bar ta. Na-Gane ya juya wajen maƙwabcinsa mai aski, ya buga ƙirji.

"Daga bana matata ta daina bin mota. Zan tayar da babur ɗin Baba, kullum ni zan kai ta."

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. "Kai ɗin? Ka taɓa riƙe sifana kuwa?"

"Keken ɗinki ba inji ba ne? Yana da ƙafa, yana da bel, yana shan mai. Babur ai keken ɗinki ne da ya samu hanya."

"To amma shi babur, ka san akwai..."

"Na gane, na gane."

Ya jawo gangar jikin ya shigar da ita falo, wai kada raɓa ta taɓa aikinsa. Daga nan ya shiga farautar kaya, kuma da allura yake biya. Ya ɗinka wa wani wando, aka ba shi jan tanki na wani babur ɗan yayi. Ya ɗinka wa mai tsofaffin kayan gyara labulen shago, aka ba shi injin keke mai ƙafa uku. Salansa, wato bututun hayaƙi, ta janareto ce, fitila ta motar noma, hon na motar burodi. Madubi ɗaya kawai ya samu, sai ya aro madubin hannu na mai aski ya cike gurbin, da alkawarin zai dawo da shi da yamma. Bai dai faɗi wace yamma ba.

Aikin kuwa yadda ya san sana'a haka ya yi shi. Da tef ɗin awo yake gwada ƙarfe, da alli yake zana inda za a huda, ya kai wa mai walda yana cewa, "A rage masa ƙugu, a sakar masa kafaɗa." Wayar birki ya bar mata rara mai yawa, kamar wandon yaro mai tasowa. Noti kuwa kowanne da yatsa yake murɗa shi, da ya ji ya ɗan kama sai ya bari. Notin ƙafafun biyu ne kawai suka gagare shi, tsatsa ta riƙe su tun ɗaurin babansa. Ya yi gumi ya gaji, sai ya sanar da layi cewa ya bar su ne don girmama na gaba.

Malama ta yi haƙuri da warin fetur. Ta yi haƙuri da kujerunta da aka fitar tsakar gida don babur ya sake. Sirdin da ya ɗinka na ƙyallen karan-miski mai tuntu, shi ya zama wurin zamanta in za ta duba littattafan 'yan makaranta. Amma ranar da ta buɗe babbar tukunyarta ta tarar da sarƙar babur kwance cikin kananzir, sai ta rufe tukunyar a hankali, ta leƙa waje ta kira mai gwangwan, mutumin nan da ke yawo da kurar turawa yana sayen tsofaffin ƙarafa. Dama ya daɗe yana zagaya gidan kamar ungulu. Ta kira mai aski ma, suka tarar da Na-Gane a falo.

"Baban yara," ta ce, "ga mai gwangwan, ga mai aski, su ne shaida. Ranar Litinin ake komawa makaranta. In babur ɗin nan ya ɗauke ni daga ƙofar gida har tayarsa ta taɓa ƙofar makaranta, ya zauna. In bai kai ba, a kurar bawan Allahn nan zai kwana, shi da duk danginsa."

"Har gangar jikin Baba?"

"Da ita za a fara. Kuma ba turi, ba ja, ba sa ƙafa a ƙasa."

Da Na-Gane ya ga mai aski na kallonsa sai ya yi dariya. "Makarantar nan ta gangare? Ki ce in kai ki bakin teku mana."

Mai gwangwan ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa gangar jikin da ɗan yatsa, ya kasa kunne. "Kai, ƙarfen da! Yanzu ba a yin irinsa. Zai yi nauyi a sikeli."

"Ɗauke hannunka daga jikin ubana," in ji Na-Gane.

Ana gobe Litinin sai ga ƙanin Malama, wanda bakanike ne, ya shigo da akwatin sifanu. Yayarsa ce ta kirawo shi a ɓoye, don ba ta shirya mutuwa ba. Ya zagaya babur ɗin yana riƙe da haɓa.

"Yaya, wannan babur ne ko taron dangi? Kowa da kamanninsa."

"Ba laifinka ba ne, ƙanina. Kai ka saba gyaran abin da wani ya ƙera. Ni ƙerawa nake."

Bakanike ya kai yatsa biyu kan notin salansa, ya ɗan murza, notin ya biyo shi kamar ɗan akuya. Ya taɓa na tanki, haka. Ya taɓa na inji, haka. Ya ɗago ido.

"Yaya, ba ka ɗaure komai ba!"

"Ɗaurin gwaji ne. Ka taɓa ganin tela ya kashe ɗinki mai kaya bai gwada ba? Gobe yayarka za ta hau. In ta ce nan ya matse, can ya yi yawa, sai in gyara, sannan in kashe ɗauri gaba ɗaya. Ka ga sirdi? Shi ta riga ta gwada, ta zauna a kai ta ji daɗi, shi ya sa na ɗinke shi jikin ƙarfe da zaren takalmi. Ja ka ji."

"Ai riga ba ta jijjiga, Yaya. Inji in ya tashi..."

"Na gane."

"Ba ka gane ba! Bar ni in bi su da sifana, yanzu-yanzu na gama."

"Ka sa mini sifana a jikin aiki, gobe ka cika gari da cewa kai ka haɗa? Na san ku. Tashi ka je ka gaida yayarka."

Bakanike ya tarar da ita a kicin. "Yaya, in kina da wasiyya ki faɗa mini yanzu."

"Ya bari ka duba?"

"Ya dai gane."

Da safe layi ya cika tun kafin a buɗe shaguna. Mai gwangwan ya zo da kurarsa fanko, har ya share cikinta. Na-Gane ya fito cikin sabuwar riga mai aljihu bakwai da ya ɗinka musamman don tuƙi, da tabarau na mai walda a goshi. Ya koma ya turo babur, sai ƙahonsa, wato abin riƙon tuƙi, ya cije a ƙofar falo. Ya fi ƙofar faɗi da kusan taƙi guda.

Mai aski ya ce, "A fasa bango ko a fasa tafiya?"

Na-Gane ko a jikinsa. Ya sa yatsa ya warware noti, ya cire ƙahon, ya fito da babur, ya mayar, ya sake murɗawa da yatsa. Ya dubi surukinsa ta saman tabarau.

"Da na bar ka da sifanarka, da yanzu magina muke nema. Ka koyi aiki, yaro."

Wasu har suka tafa masa.

Ya buga kik. Shiru. Ya sake bugawa, babur ya yi tari kamar tsoho mai shan taba. A bugu na gaba ya yi wata ƙara da ta tashi tantabarun layin gaba ɗaya, baƙin hayaƙi ya rufe mai aski har aka daina ganinsa, sai muryarsa. Inji ya kama. Babur ya shiga rawa a tsaye, kowane ƙarfe na kaɗa nasa kiɗan.

"Kun ji murya?" Na-Gane ya yi ihu. "Malama, bismilla!"

Malama ta yi addu'ar da ta sani, ta ƙara da wadda ba ta gama haddacewa ba, ta gyara mayafi ta hau. Ya sa giya, suka zabura.

Ba su wuce shagon mai faci ba madubin mai aski ya yi sallama da su. Ya faɗi ƙasa ya yi taratsatsi.

"Madubina!" Mai aski ya biyo su da gudu, tawul a kafaɗa.

"Mene ne ya faɗi?" Malama ta tambaya.

"Ado ne kawai. Mai tafiya gaba me zai yi da baya?"

A kwanar farko hon ya fara kukan motar burodi shi kaɗai, har wata tsohuwa ta fito da kwando tana ɗaga hannu. Bai daina ba sai da ya tsinke ya gangara cikin kwata. Fitilar motar noma ta sunkuyar da kai, ta leƙa taya, ta sauka. Sai salansa. Da ta tafi, ƙarar ta ninku, karnuka suka shiga sahun masu bi. Can baya mai gwangwan yana tafe da kura, yana tsinta yana godiya.

"Baban yara, babur ɗin nan raguwa yake yi!"

"Gwaji ke nan! Duk abin da ya faɗi, dama ya yi masa yawa. Ke dai faɗa mini, akwai inda ya matse ki?"

"Ƙirjina!"

Suka hau kan gangaren da ke sauka zuwa makaranta. A nan ƙaho ya fara sunkuyawa a hankali, Na-Gane na bin sa, har hannuwansa suka koma wajen gwiwa, haɓarsa na gogar tanki. Tankin ma ya soma zamewa gefe, ya matse shi da cinyoyi.

Bakanike ya iso gefensu a kan nasa babur ɗin. "Yaya, taka birki!"

Na-Gane ya laluba da ƙafa. "Ina abin takawar?"

"Yana kurar mai gwangwan! Ja na hannu!"

Ya ja na hannu har ƙarshe. Wayar ta miƙe ta shanye rararta, ta nemi ƙari.

"Bai kama ba!"

"Ai ka bar masa wurin girma!"

Gabansu ga ɗan tudun nan da ake yi a titi don masu gudu su rage. Ba su rage ba. Babur ya tashi sama, Malama ta kira sunan kakarta, suka dira. Sarƙa ta fice ta yi gefe kamar maciji. Tanki ya kuɓuce daga cinyoyinsa ya yi tsalle cikin lambun wani gida. Inji ya yi tari biyu, ya zame ta gefe, ya kwanta a bakin titi yana hayaƙi.

Sai duniya ta yi tsit. Ba ka jin komai sai iska da 'yar ƙarar tsofaffin ƙafafu biyu suna juyawa.

"Ya mutu ne?" Malama ta tambaya a hankali.

"Ya sauka dai," in ji Na-Gane. Ya leƙa tsakanin ƙafafunsa ya hango kwalta tana wucewa ta inda inji yake da. "Kin ji yadda ya yi laushi yanzu? Ko fetur ba ya sha."

Gangare ya ƙare, hanya ta miƙe, ga ƙofar makaranta can gaba, koriya, maigadi na tsaye, 'yan makaranta sun yi cirko-cirko a jikin wayar shinge. Babur ya fara rage gudu don kansa. Daga gudun doki ya koma na jaki, daga na jaki ya koma tafiyar agwagwa. Masu binsu da ƙafa suka cim musu, suka jeru gefe da gefe suna haki. Babu mai dariya yanzu, kowa ƙofa yake kallo yana kallon taya.

Na-Gane ya tattare ƙafafunsa sama kada su taɓa ƙasa. Ya karkata gaba, ya hura iska ta baki, ya girgiza ƙugu kamar mai tuƙa kwalekwale. Gaban ƙofar akwai 'yar laka inda famfon maigadi ke ɗiga. Tayar gaba ta shiga, ta fita da ƙyar. Ta baya ta shiga ta nutsu. Saura abin da bai fi tsawon hannu ba, babur ya tsaya yana lilo, yana shawarar ɓangaren da zai faɗi.

Can sama Na-Gane ya jiyo ƙarar kura tana gangarowa, ƙarafa na kaɗawa a ciki.

Ya sunkuya ya dafa tsohon ƙarfen da tafin hannu, ya ce ƙasa-ƙasa, yadda yake zaton babu mai ji, "Haba Baba. Ɗan wannan kawai. Kada ka bari a ɗora ka a sikeli."

Sai ya ji babur ya yi wata 'yar zabura daga baya. Taya ta murgina, ta murgina, ta je ta sumbaci ƙofar makaranta. Ƙwal.

Wuri ya kaure da ihu. 'Yan makaranta na tsalle, maigadi ya cire hula yana kaɗawa, mai aski ya manta da madubi ya rungume bakanike. Na-Gane ya sauko, ya ɗaga tabarau.

"Kun gani? Ƙarfin da inji ya tara ne ya rage a jikin ƙarfe. Haka na tsara shi. Ƙanina, wannan ba a koya muku shi a gareji."

Mai gwangwan ya iso yana haki, kura cike har baki. Ya ture mutane, ya tsaya kan lakar nan, ya sunkuya ya zaro wani abu.

"Ban yarda ba! An yi turi!"

"Wa ya tura?" in ji Na-Gane. "Ƙafafuna na sama, kowa ya gani."

"Naka na sama. Wannan fa?" Ya ɗaga takalmin mace, baƙi, mai ɗan tudu, laka har wuya. "Ga shi na zaro shi, hancinsa a nutse, dunduniya a sama. Ga sawun da ya ja. Takalmi ba ya nutsewa haka sai an dogara da shi. Mai aski, kai shaida ne, me ka gani?"

"Ni? Hayaƙi ya cika mini ido tun daga gida."

"Bakanike?"

"Ni yayata nake wa addu'a, idona a rufe."

"Maigadi?"

"Aikina ƙofa. Ƙofa kuwa an taɓa ta."

Kowa ya juya wajen Malama. Tana zaune a kan sirdin karan-miski, jaka a cinya, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Na-Gane ya dubi ƙafar, ya dubi fuskarta. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, mayafinta take gyarawa.

"Malam mai gwangwan," ta ce, da muryar da take tsawata wa aji, "abin da ke cikin kurarka ka tsinta, naka ne, kada in sake ganin ko noti ɗaya a falona. Abin da ya iso ƙofa kuma na mai shi ne."

"To takalmin fa, Malama? Ya aka yi ya shiga laka?"

Ta miƙa hannu ta karɓe, ta ƙwanƙwasa shi a jikin taya, laka ta zube, ta zura ƙafarta.

"Yau me bai faɗo ba a hanyar nan? Shi ma ba a ɗaure shi da kyau ba ne."

Ta sauka, ta saɓa jaka, maigadi ya buɗe mata ƙofa. Sai da ta shiga ta waiwayo.

"Baban yara, in an tashi kada ka wahalar da kanka. A motar haya zan dawo."

Na-Gane ya juya babur ɗin babansa, ya ɗago ƙahon da ya sunkuya, ya dubi tudun da zai hau da turi. Ya tuɓe rigar tuƙi ya shimfiɗa a kan sirdi kada rana ta ci masa launi, ya sa kafaɗa. Bai yi nisa ba aka jiyo shi yana yi wa mai aski bayanin cewa dama irin wannan babur ɗin na gangare ne, na hawa daban ake ɗinka shi.